Ina son koya ma yaran koleji zaman daji, ta ina zan fara?

Mushen_SVT ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan an wuni lafiya. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a wata koleji nan cikin Maradi, ina koyar da SVT, wato ilimin halittu da ƙasa, a sizyem da sankiyem, ajin farko da na biyu na koleji, yarana ƴan shekara 12 zuwa 14 ne. Shawara nake nema kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana.

Abin da ya kawo maganar shi ne bara lokacin bakans, wato babban hutu, yayata ta tura ɗanta ƙauye wajen kakanninshi, can gefen hanyar Dakoro. Yaron shekararshi 13, haihuwar unguwar Zariya, girman Zariya. Ya bi yaran gidan neman awaki bayan la'asar, ƙarshen watan Agusta ne gero ya fi mutum tsawo, ya tsaya cire ƙarangiya a wandonshi, ko da ya ɗaga kai babu kowa. Duk inda ya juya kara ne iri ɗaya. Maimakon ya tsaya sai ya kama gudu, ya yi ta gudu yana kuka har duhu ya shiga, ƙishi ya kama shi ya sha ruwan wani kududdufi da shanu ke sha. Sai bayan isha'i wani Bafillace ya tsince shi ya kawo shi gidan maigari na wani ƙauye daban, Allah ya saka mashi da alheri. Kwana huɗu yaron ya yi yana zawo. Da na tambaye shi ina rana ta faɗi ranar, ta gabanka ko ta bayanka, wallahi kallona kawai ya yi.

Da aka koma lakwal na gwada ajina, na ce kowa ya nuna mini arewa, hannuwa suka tashi ko ta ina. Na kawo ganyen aduwa da na magarya da na tumfafiya, kaɗan ne suka rabe su. Yaran nan sun iya zana zagayen ruwa a allo amma ba su san wane ruwa ake sha ba.

To ina so in ɗauki kamar yara 15 in riƙa koya masu ranar Asabar. Me ya kamata in fara da shi? Ina zan kai su? Su dai gandun dajin Gadabeji suke ta kira tun da na ba su labarin raƙuman dawan da aka kawo daga Kure a 2018, amma na san wannan ya yi nisa kuma sai da izini. Sannan ya zan yi da iyaye, musamman iyayen ƴan mata, don ba na so ya zama na maza kaɗai. Na gode.

Ɗan_Dakoro ya rubuta:

Wa alaikumus salam mushe, Allah shi saka. Ni na yi kiwo tun ina ɗan shekara bakwai kahin a sa ni lakwal, to bari in hwaɗa maka abin da tsohona ya koya mini, ba daga littahi ba.

Abu na hwarko ba wuta ba ne ba abinci ba ne, tsayawa ne. Yaron da ya ɓata in ya tsaya inda yake, masu nema na zuwa inda aka rabu da shi, sawunshi na nan. In ya ruga ya ƙara ma kanshi nisa ya ƙara ma masu nema aiki, ga ƙishi. Ɗan yayarka da ya zamna gindin icce guda da kahin magariba an gan shi. Ka sa su maimaita wanga har ya zama masu awa karatun allo: in ka ɓata ka tsaya, ka nemi inuwa, ka yi shiru ka saurara. Daji ba shiru gare shi ba. Da marece za ka ji daka, ƙarar taɓarya na tahiya nesa ƙwarai, za ka ji kukan jaki, kiran salla, injin niƙa, babur. Mai kuka da gudu ba shi jin ko ɗaya.

Na biyu waiwaye. Mu in za mu shiga wuri, kowane ɗan lokaci sai mu juya mu dubi bayanmu, don hanya in kana komowa ba kamarta guda ba da sadda kake tahiya. Ka riƙe gao mai reshe karyayye, ka riƙe suri, ka riƙe rumbu. Cikin gero kuwa inda ba ka ganin komi, sai ka nemi iyakar gona ka bi ta, ko ka hau icce ko suri ka duba. In ka samu burtali ka huta, burtali ba shi ƙarewa banza, ko rijiya ko ruga ko gari. Ka dubi sawun dabbobi, da marece gida suka nuhwa.

Gabas da yamma kuma ga dabara mai sauƙi da za su so. Ka kahe sanda a ƙasa tsaye, ka sa ɗan dutse a bakin inuwar, ku jira kamar minti 20, inuwa ta gusa, ka sa wani dutse. Dutsen hwarko yamma, na biyu gabas. Ka taka na hwarko da ƙahwar hagu, na biyu da ta dama, gabanka arewa ke nan. Da asuba ga gamzaki ta gabas in lokacinshi ne. Da ɗari iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ko hazo ya ruhe rana kana jinta a kumatu. Kuma duk ɗan musulmi ya san alƙibla, nan wajenmu gabas ce ta ɗan karkata arewa, to in ka ga masallacin makiyaya da aka jera da duwatsu ko ƙaya ka samu gabas.

Abinci kar ka wahal da kanka da yawa, yunwar kwana guda ba ta kisa. Amma su san aduwa, magarya, kanya, goriba, tsamiya, ɗiyan kuka. Abin da ya hi wannan su san na gudu: zaƙami da ke haukata mutum, ɗiyan cin da zugu masu daɗin baki awa gujiya amma su sa amai da zawo, ƙaron tumfafiya da na aguwa in ya shiga ido. Anza ma da mutanenmu suka ci shekarun yunwa, ba a cinta haka nan, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sake ruwa ɗacin ya hita. Doka guda: abin da ba babba ya nuna maka ba, kar ka kai baki, ko ka ga akuya na ci.

Wuta ka koya masu da ashana da birike, sannan ka je maƙera ka sayo ƙyastu su gani da ƙanƙara da ɗan abduga, za su yi murna. Amma don Allah ka koya masu kashewa kahin kunnawa. A share wuri a yi hili, a haƙa ɗan rami, a tara ƙasa kusa, in an gama a turbuɗe a taɓa da hannu a ji ta yi sanyi. Mu nan arewa daga Oktoba in ciyawa ta bushe, wutar shayi guda da aka bari tana cinye abincin dabbobin shekara, na gani da idona wajen Bermo, mutane na bugun wuta da rassa suna kuka.

Maciji kuwa mu dai ɗaurewa mukai sama da wurin a tsaga a sa baƙin dutse.

Shawarata ta ƙarshe, kar ka koya masu kai kaɗai. Ka samo tsoho guda, makiyayi ko maharbi ko manomi, ka kai mashi goro da ɗan abin shayi, ya zagaya da su. Abin da zai nuna masu cikin awa biyu ba shi cikin salula.

Uwar_Uku ta rubuta:

Mushe sannu da ƙoƙari, niyyarka mai kyau ce amma ni gaskiya a matsayina na uwa gabana ya faɗi da na karanta. Wane daji? Kowa ya san halin da ake ciki ta wajen Madarunfa da Gidan Runji da duk bakin iyaka, mutane a cikin gidajensu ma ana zuwa a ɗauke su balle a ce an tara yara 15 an nufi daji da su. Dajin Baban Rafi da muke jin labari muna yara yanzu wa zai kai ɗanshi? Ni ko tafkin Madarunfa aka ce za a kai nawa sai na yi tunani sau goma.

Kuma akwai wani abu, yaro ɗan shekara 13 in ka koya mashi kunna wuta da gane hanya gani zai yi ya zama maharbi, gobe ya ja abokanshi su fita ba wanda ya sani. Nawa na tsakiya haka yake, abu kaɗan ya gani sai ya gwada. Ga gulbi nan kusa, duk damina sai mun ji an ce ruwa ya ci yaro.

Maganar ƴan mata kuma, ni ina da ɗiya a sankiyem, ba zan bar ta ta bi maza zuwa wani wuri ba sai da mace babba a tafiyar wadda na sani. Ba wai ba na so ta koya ba, ai mu mata mu ke zuwa itace da ɗiban ruwa a ƙauye, mu muka fi haɗuwa da maciji ma. Amma kwana a waje kam a'a.

Anfirmiya_CSI ta rubuta:

Salam. Ina aiki a wata CSI, wato ƙaramar likita, ta ƙauye shekara da shekaru, to zan yi magana a kan abin da ke zo mana.

Baba Ɗan Dakoro, duk abin da ka faɗa na yarda da shi kuma na ƙaru, sai dai maganar maciji, ka yi haƙuri a nan ba zan yi shiru ba. Ɗauri da tsagawa da tsotsa da baƙin dutse, mushe kar ka koya ma yara ko ɗaya. Macijin da ya fi cutar mutane a ƙasarmu kububuwa ce, ƴar ƙarama mai kalar ƙasa, dafinta hana jini daskarewa yake, to in ka tsaga wurin da reza ka buɗe ƙofar da jini ba zai tsaya ba. Ɗauri mai tsanani kuma yana kashe ƙafar, na karɓi yaron da aka ɗaure mashi da robar taya tun safe, ko da suka iso ƙafar ta yi baƙi ta kumbura kamar turmi. Abin da za a koya masu: a janye daga wurin macijin, kar a tsaya neman kashe shi, a kwantar da wanda aka sara a hana shi tafiya da gudu, a cire zobe ko warwaro ko takalmi kafin kumburi, a ɗora ƙafar a sanda a naɗe sako-sako don kar ta motsa, a ɗauke shi a amalanke ko babur zuwa likita nan take. A riƙe lokacin da abin ya faru. Ko yaro ya ce ba ya jin komi a kai shi, kububuwa tana iya yin shiru sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi. In gamsheƙa ta tofa a ido, ruwa mai yawa za a yi ta zubawa, ba a murzawa. Rigakafi kuma shi ne takalmi rufaffe, tocila da dare, kar a sa hannu a rami ko suri ko ƙarƙashin tarin kara, a kakkaɓe takalmi da tabarma saboda kunama.

Amma wallahi abin da ya fi maciji kawo mana yara shi ne ruwa da rana. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, yaro na wasa ba ya jin ƙishi sai ya faɗi. Ka koya masu duba fitsarinsu, in ya yi ja kamar shayi ko ya yi kaɗan to jiki ya bushe. Ciwon kai, jiri, kasala, a shiga inuwa a sha ruwa kaɗan-kaɗan. In yaro ya fara sambatu jikinshi ya yi zafi rau, a jiƙa kayanshi a yi mashi fifita a nufi likita, kuma wanda ya suma ba a ɗura mashi ruwa a baki.

Ruwan tafki ko kududdufi: a tace da ƙyalle mai tsabta ninki huɗu, a bar shi ya kwanta, sannan a tafasa ya yi ta ɓararraka minti guda cikakke. Tacewa kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin cuta, wannan ka nanata masu. Ƙwayar zogale da aka daka tana kwantar da laka ruwa ya yi garau, yara na son ganin wannan, amma shi ma sai an tafasa. In ba wuta akwai ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs a farmasi, a bi abin da aka rubuta a jiki a jira minti 30. In shi ma babu, gorar roba fara mai haske a cika da ruwan da ya riga ya kwanta a shimfiɗa ta a rana awa 6, in da gajimare kwana biyu. Kurkunu kam alhamdulillahi tun 2013 aka tabbatar Nijar ta rabu da shi, amma tsargiya na nan daram, kuma ita ta fata take shiga in an yi wanka a ruwan da ke kwance, shi ya sa kake ganin yaran bakin tafki na fitsarin jini.

Kowane yaro ya haddace ruwan gishiri da sukari: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka sa su haɗa da hannunsu su ɗanɗana, kar ya fi hawaye gishiri.

Hajiya Uwar Uku ta yi gaskiya kan gulbi. Gulbin Maradi daga wajen Katsina yake fitowa, ana iya yin ruwa can nan ko ɗigo ba a yi ba, ka ga yashi busasshe da safe da rana ruwa ya cika shi. Ba a zama ko kwana a cikin kwari da damina, ba a tsallake ruwa mai gudu ko iya gwiwa ne. In hadari ya taso kuma kar a fake gindin dogon icce da ke tsaye shi kaɗai saboda tsawa.

Matashi_Bagalam ya rubuta:

mushe ni dai a ganina a haɗa da salula, yanzu kusan kowa na da ita, a koya masu tura lokalizasiyo ta WhatsApp da lambar sapar pompiye masu kashe gobara 18 da polis 17. amma na san in ba rezo ko sharji ya ƙare shi ke nan, ya taɓa faruwa da mu a hanyar Mayahi babur ya lalace ba rezo sam sai da muka taka. su haddace lambar baba ko mama a ka, yawancinmu ba mu iya ba. in kuna son mai taimako ranar asabar ni ina nan, fadarmu ma akwai mutum biyu da suka yi horon agaji

Mushen_SVT ya rubuta:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kwafe duka a kaye.

Hajiya, maganarki ta shige ni kuma ita ta gyara mini tunani. Ba inda za mu kai yara da ake fargaba, ba Baban Rafi ba bakin iyaka, ba kwana. Da na zauna na duba ma ai ba mu buƙatar daji. Asabar uku na farko a filin lakwal za mu yi su: sanda da inuwa, ruwa, ɗaukar wanda ya ji ciwo, wuta a cikin rami. Sannan akwai gonar wani kawuna nan bayan gari ta hanyar Tibiri, ana hango titi daga cikinta, kuma cike take da itace saboda shi tun da aka fara sassaben zamani, wato barin kututture ya sake tohowa a gona, a ƙasar Maradi wajen 1983, lokacin wani bature Tony Rinaudo da ya yaɗa dabarar, bai ƙara tumɓuke kututture ba. Gao, kalgo, sabara, aduwa, magarya duk akwai, har tumfafiya a gefen hanya. Shi kanshi kawun ya haura 70 kuma ya yi kiwo, shi zan roƙa ya zama tsohon da Ɗan Dakoro ya ce. Za mu bari sai Disamba an gama girbi sanyi ya shigo, mu tafi ƙarfe 8 mu dawo kafin azahar.

Tsoronki na cewa yaro zai ɗauka ya zama maharbi shi ma gaskiya ne, na san irinsu a ajina. Abin da na yanke shi ne darasin farko ba zai zama wuta ba, zai zama ba a fita sai an gaya ma babba ina za a je, da wa, yaushe za a dawo, kuma ba a tafiya mutum ɗaya. Wanda aka ji ya karya wannan ya fita daga ƙungiyar. Zan rubuta takarda direkta ya sa hannu, kowane uba ko uwa su sa hannu, in je in sanar da ma'aikatan gandun daji da maigarin wurin. Akwai madam guda a lakwal ɗinmu da ta ce za ta zo saboda ƴan mata.

Kayan kowane yaro da nake tunani: gorar ruwa lita ɗaya da rabi, malafa ko hula, takalmi rufaffe, usur a wuya, ƙyalle, ɗan ƙullin sukari da gishiri. Ashana da wuƙa suna hannun manya. Usur ɗin ne nake so in saya masu da kuɗina, busa uku a jere alamar neman taimako, ya fi ihu nisa kuma ba ya gajiyar da maƙogwaro. Madam anfirmiya, ko za ki iya zuwa Asabar guda ki nuna masu naɗin ƙafar da hannunki? Ni a takarda kawai na san shi.

Ɗan_Dakoro ya rubuta:

Ɗiyata anfirmiya na ji, kuma ban ji haushi ba. Ƙanen babana da kububuwa ta sara an tsaga mashi, jini ya yi ta zuba har gari ya waye, mun ce ajali ne. Yau na gane abin da ya hwaru. Zan hwaɗa ma mutanenmu in na koma gida.

Mushe in kun je gonar ka gwada wanga: ka ruhe ma yaro ido da rawani, ka juya shi sau uku, ka buɗe, ka ce ya zamna minti biyar bai ce komi ba, sannan ya hwaɗa maka abin da ya ji da inda gari yake. Ɗaya bayan ɗaya, sauran na kallo.

Anfirmiya_CSI ta rubuta:

Allah ya jiƙanshi baba. Mushe zan zo in sha Allah, amma sai Asabar da ba ni da gardi a wurin aiki, zan turo maka saƙo ta ciki. Ka tanadi sanduna guda biyar masu tsawon ƙafar yaro da tsofaffin zannuwa da za a yayyaga. Kuma ka tambayi iyaye tun yanzu wa ke da sikila ko asma ko farfaɗiya, ka rubuta.

Uwar_Uku ta rubuta:

To in haka ne da sauƙi. In gonar ce da rana kuma da madam, zan yi ma babansu magana. Ni ma zan zo ranar gonar in ba damuwa, zannuwan kuma ka bar mini, ina da su da yawa. Wace koleji ce? Ka turo mini ta ciki kar ka rubuta a nan.